Madabod Ɗinku Ya Ƙwace Mazaunin Innata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Damisa Mai Fukafuki, maƙeran madabod na ƙetaren teku, uban gidan injiniyoyi, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba amma hannunsa ya iso har tsakar ɗakinmu.

Bayan gaisuwa irin ta ɗan kasuwa, hannu a ƙirji, kai a sunkuye, ido a kan sikeli, ina fata kana lafiya, iyalinka na lafiya, kuma mahaifiyarka, in Allah ya bar maka ita, tana zaune a wuri mai ɗumi. Tawa ta ci rabin sanyin bana a bakin ƙofa tana tari saboda kayanku, kuma in ba ka sa baki ba can za ta koma. Dalilin wannan takarda ke nan. Na buɗe ta ga jama'a ne don waɗanda na rufe na aiko, da alama har yau a rufe suke.

Sunana Ibodullo Nazarzoda. Zabibi da busasshen tuffa nake sayarwa a kasuwar Istaravshan, amma kada ka yi mini kallon zabibi: na yi makarantar koyon aikin lantarki har na kusa gamawa. 'Yata Farangis tana karatun zanen gine-gine, ta ce tana bukatar kwamfuta mai ƙarfi don aikin makaranta. Na leƙa farashin haɗaɗɗu a Dushanbe, na ga ba farashi ba ne, zagi ne. Sai na ce zan haɗa da hannuna, yadda muke dafa shinkafar biki: nama daga nan, karas daga can, mai daga wurin wanda ka yarda da shi. Da na zo kan madabod, wato babban allon nan da kowane ƙarfe na cikin injin ke jingina da shi, sai na zaɓi naku. Ba don komai ba sai don damisar da kuka zana a kwali, da rubutun da ke ƙarƙashinta cewa ƙarfinsa irin na soja ne.

Yanzu, da izininka, ga koke-kokena.

Na farko. Sojan naku ba ya tashi da safe.

A lokacin tsinkar inabi, injin ya yi aiki lafiya, har ina kiran maƙwabta su zo su ga fitilunsa. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, na danna maɓalli, fanka ta juya, wata 'yar jar fitila ta kama, sai ya yi shiru. Ya sake yunƙurawa, ya sake komawa, kamar tsohon da ke son tashi daga kan darduma ba wanda ya miƙa masa hannu. Gilashi baƙi ƙirin. Ranka ya daɗe, ba abin da ban yi ba. Na zare sandunan ram, wato ma'ajiyar tunaninsa, na goge bakinsu da abin goge fensir, na sauya musu gurbi, na sa ɗaya na bar ɗaya. Na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo na mayar. Na aro akwatin wutar wani na gwada. Daga ƙarshe na rungumi injin zuwa shagon Usto Nemat, mai gyaran da ke bayan masu gurasa. Shagonsa akwai hita. Yana dannawa, injin ya tashi garau, har da 'yar waƙa.

Usto ya dube ni ta saman tabarau, ya kira ni Aka, wato yaya a bakinmu, ya ce, "Aka Ibodullo, wannan ai ya fi ka lafiya. Ko dai maɓallin ne ba ka gane ba? Ga shi nan, shi ne babban."

Masu gurasa suka yi dariya har gari na tashi daga rigunansu. Na koma gida, ya ƙi tashi. Na dawo shago, ya tashi. Haka muka yi ta zarya ni da shi a titi, mutane na tambayata ko sabon ɗa aka yi mini. Sai da Usto ya gaji da ganina ya dafa ƙarfen da tafin hannu, ya ce, "Sanyi yake ji. Kayan waɗannan mutanen in ba su ɗumama ba, ba sa gane ram ɗinsu." Ina tambaya cikin ladabi: wane soja ne wannan da ba ya fita fagen daga sai an dafa masa shayi? A wace ƙasa kuka gwada shi, kuma ko akwai taga a ɗakin?

Na biyu, kuma shi ne uwar matsalar. Ba na tsammanin kuna da sandali a ƙasarku, don haka bari in faɗa maka: gajeren tebur ne, garwashi a ramin ƙarƙashinsa, babban bargo a kansa, duk gida a zauna kewaye a cusa ƙafafu. Gefen bango, nesa da ƙofa, nan ne ya fi ɗumi, kuma nan ne mazaunin mahaifiyata tun kafin a haife ni. Soket ɗin ɗakin ma a gefen yake. Wata safiya na ɗauko injin na ajiye shi a gurbin, na ja masa bargo zuwa wuya, da niyyar ya ɗan sha ɗumi kafin Inna ta idar da salla. Ya kuwa tashi. Ina cikin murna sai ga ta da carbi a hannu. Ta tsaya ta dube shi.

Ta ce, "Ibod, wannan daga ina?"

Na ce, "Daga ƙetaren teku, Inna."

"Yana da kowa a garin nan?"

"Babu."

"Kuma ba shi da lafiya?"

"Ɗan sanyi ne kawai, yanzu zan..."

"To baƙo ne," in ji ta. Ta ɗauki matashinta ta zagaya ta zauna a gefen ƙofa, inda iska ke shigowa ta ƙarƙashi kamar an aiko ta.

Ranka ya daɗe, a wurinmu baƙo shi ke zama a sama, kuma ba a tambayarsa ranar tafiya. Na ce mata ƙarfe ne da roba, ba ya ji, ba ya magana. Ta ce, "Kai ma da aka haife ka ba ka magana, ƙara kawai kake yi, ban kai ka bakin ƙofa ba." Na ce to a kafa masa nasa sandalin a ɗakin baya. Ta ce ware baƙo shi kaɗai ai kora ce da lulluɓi. Na sayo doguwar waya don a matsar da shi ko da gefe ɗaya ne. Ta karɓe wayar ta shanya safa a kai.

Tun ran nan madabod ɗinku ke samun abin da ni da na saye shi ban taɓa samu ba. Kofin shayi na farko nasa ne, a ɗora masa a ka, a bar shi ya huce, sannan a ba ni. Gurasar da ta fi laushi tasa ce. Matata Mohira sai ta yi masa sallama in ta shigo. Inna ta hana a miƙe ƙafa ta wajensa, alhali a ƙarƙashin sandali duk ƙafafu tsakiya suke haɗuwa, don haka gida guda muke zama a tanƙwashe kamar masu jiran hukunci. Duk Laraba tana kewaya shi da hayaƙin ganyen korar mugun ido, fankokinku suna zuƙa suna rarraba wa ɗaki. Ita kuwa tana can bakin ƙofa, tari ya kama ƙirjinta, likita ya ce a kiyaye ta da iska. Na faɗa mata abin da likita ya ce. Ta ce likitan ɗan gidan wa ne, da bai san baƙo ba?

Na uku. Ofishinku na sauraron koke. Na rubuta musu duk wannan, ban da zancen shayi. Aka amsa mini da fara'a mai yawa, aka tambaye ni ko na gwada kashe injin in sake kunnawa. Ya mai girma, wannan aikin ai shi kaɗai injin ya iya, kuma da kansa yake yi tun safe ba wanda ya roƙe shi. Suka ce in aiko da hoton saƙon da ke fitowa a gilashi. Na ce gilashin ba ya kamawa. Suka ce sun fahimta ƙwarai, in aiko da hoton. Na ɗauki hoton baƙin gilashi na aika. Suka ce hoton ya yi duhu. Bayan haka aka sanar da ni cewa an rufe kokena cikin nasara, aka kuma roƙe ni in ba su taurari. Nasarar wa? Kowace amsa sunan mutum daban ne a ƙarƙashinta, kalmomin kuwa ɗaya, har na fara zargin uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya.

Na huɗu. Gyare-gyarenku. An ce mini a cikin madabod akwai wata 'yar manhaja da ake kira bayos, ita ke tashe shi ta nuna masa hannunsa da ƙafarsa, kuma ita ce ke da laifi. An ce kuna sakin sabuwa lokaci zuwa lokaci. Na yi murna. Na sauke ta farko a filas, na karanta bayanin da kuka rubuta: an ƙara masa natsuwa. Na sa. Ya natsu har ya manta da sandar ram guda, yana kallonta a jikinsa yana rantsuwa bai san ta ba. Ta biyu, bayaninta an ƙara masa natsuwa. Ya tuno da ram, ya manta da kwanan wata. Kullum sai ya farka a wata shekara tun kafin a haifi Farangis, ya ƙi buɗe shafin makarantarta, wai takardun shafin daga gaba suka zo, bai yarda da su ba. Farangis na kuka, Inna na gyaɗa kai daga bakin ƙofa tana cewa, "Baƙon nan yana da hankali. Waccan shekarar inabi ya fi zaƙi, kuma babanku na raye."

Ta uku, an ƙara masa natsuwa. Fankoki suka tashi kamar jirgi zai bar ƙasa, bargo ya kumbura, toka ta taso daga ramin garwashi ta sauka a kan shinkafa. Muka ci haka, don Inna ta ce ba a nuna wa baƙo ya yi ɓarna. A kan wannan gyaran ne kuma ya koyi suma: Farangis na tsakiyar zanen asibiti gilashi ya yi shuɗi, da ya farfaɗo asibitin na nan amma matakalar bene ta tafi. Malaminta ya rubuto yana tambaya ko marasa lafiyan tashi za su riƙa yi. Duk wannan, sanyin da ake magana a kai ko gezau. Da safe sai bargo.

Ni ɗan kasuwa ne, na san ana sayar da kaya da ɗan aibi, ban zo da wa'azi ba. Amma in na sayar wa mace zabibi ta dawo ta ce akwai tsakuwa, tsince mata nake yi. Ba na ce mata ta je gida ta jira, mako mai zuwa zan aiko mata da sabon haƙori na gwaji. Shin a kamfaninku akwai wanda ke kunna abin kafin a sake shi ga duniya, ko mu ne ma'aikatan, albashin ne bai iso ba?

Na biyar gajere ne. Garantinku ya ce a mayar da kaya cikin kwalinsa na asali. Kwalin yana Rasha, cike da busasshen tuffa, wurin ƙanena da ke aikin gini. Ko da yana nan ma, na gwada zancen sau ɗaya, Inna ta ajiye kofinta ta ce, "A gidan babanka ba a taɓa naɗe baƙo a kwali an miƙa wa ma'aikacin gidan waya ba. In danginsa na son sa, su zo da ƙafarsu, a dafa musu abinci." Ina isar maka da gayyatar kamar yadda aka ba ni.

Yanzu ka gyara zama, ya mai girma, don nan ne takardar ta juya.

Da tarin Inna ya kai ga ba ta iya gama addu'a sai ta huta, na shiga shafinku a fusace na ga wata sabuwar manhaja can ƙasa, an rubuta mata da ja cewa ta gwaji ce, duk abin da ya faru ba ruwanku. Na ce ai tun da ma ba ruwanku. Na sa. Washegari da safe, ɗaki da sanyi kamar cikin tulu, tun ban ja masa bargo ba Farangis ta taɓa maɓalli da gwiwar hannu bisa kuskure. Ya tashi. Tashi ɗaya, kamar an kira sunansa. Muka dubi juna. Inna ta ce a lulluɓe shi kada ya koma. Aka lulluɓe shi. Yana jin ɗumi gilashi ya yi shuɗi, ya faɗi. Aka yaye, ya sha iska, ya tashi. Aka rufa, ya faɗi.

Usto Nemat ya zo da kansa ya gani, ya yi dariya har sai da ya zauna. Ya ce wani yaronku ya juya lissafin ma'aunin zafi: yanzu in injin ya ji ɗumin bargo sai ya ɗauka gobara ce, ya kashe kansa don tsira, in ya ji sanyi kuwa sai ya ɗauka komai daidai ne. Ya ce, "Aka, shekarata nawa a sana'ar nan, ban taɓa ganin kuskure mai tsabta haka ba. Wanda ya yi shi ba ƙaramin mutum ba ne."

Inna ta daɗe tana kallon baƙonta yana suma yana farfaɗowa. Can ta ce, "Ibod, me ke damunsa?"

Na ce, "Zafi ne ya yi masa yawa, Inna." Karon farko ke nan a wannan sanyin da gaskiya ta yi mini amfani.

Ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce, "Wayyo. Ashe duk kwanakin nan a takure yake, kunya ta hana shi faɗa. Akwai baƙi haka." Da bakinta ta ba da umarni a kwashe safa daga doguwar wayar nan, a kai shi gefen ƙofa, a ɗan buɗe masa ita. Ta ba shi haƙuri. Sannan ta ɗauki matashinta ta koma gurbinta na bango, ta cusa ƙafa har gwiwa, ta yi barcin da ban ga ta yi ba tun faɗuwar ƙanƙara. Tarin ya fara sauka. Farangis na zane a bakin ƙofa cikin babbar rigar sanyina da safar hannu da aka yanke wa yatsu, injin bai sake suma ba, asibiti ya samu matakala. Mu kuma mun miƙe ƙafafunmu. Ban taɓa zaton zan faɗi haka ba, amma madabod ɗinku a lalace ya fi kowane lokaci lafiya.

Sai ga koke na shida, wanda ya sa ni zaman rubutu.

Damisarku ta fara leƙowa a kusurwar gilashi da albishir. Wai kun gano kuskure a manhajar gwaji, kuna ba da haƙuri, kun shirya gyara wanda zai mayar da komai yadda yake a da, kuma zai shiga da kansa don sauƙaƙa mini. Yadda yake a da, ranka ya daɗe, shi ne bargo. Shi ne Inna a bakin ƙofa. Ƙarƙashin saƙon maɓalli biyu ne: ɗaya Yanzu, ɗaya Anjima. Na duba sama da ƙasa, na sa tabarau, na kira Mohira ta duba, ba mu ga A'a ba. Na goge damisar daga injin, da aka sake kunnawa ta dawo, Usto ya ce a cikin madabod ɗin take kwana. Na ce a cire shi daga intanet, Farangis ta ce to ta ina za ta aika aikinta, ta tantabara? Don haka muke danna Anjima. Karɓa-karɓa muke yi. Na bar rumfata a hannun maƙwabci fiye da yadda ya kamata mai hankali ya yi. Kuma na lura kowace Anjima ta fi ta bayanta gajarta, kamar haƙurin damisar ne ke ƙarewa.

Tun farkon sanyi nake roƙonku gyara kuna aiko mini da ɓarna. Yau da ɓarnar ta zo daidai da gidana, yau ne himma ta motsa muku? Wa ya kai ƙara? In wani ne a ƙasa mai zafi, ku gyara masa nasa, ku ba shi gaisuwata. Ni ban kai ba.

Ga roƙona, kuma ban taɓa roƙon mai kaya abu mai sauƙi haka ba: kada ku yi komai. Na ga kun iya, na shaida a ofishinku na koke. Yaron da ya juya lissafin nan kada a kore shi, a ƙara masa girma, a gaya masa akwai wata tsohuwa a Istaravshan da ke numfashi da kuskurensa. In dokar kamfani ba ta yarda a bar kuskure ya zauna lafiya ba, to ku saka mana maɓalli na uku. In shi ma ya fi ƙarfin injiniyoyinku, ku jira Navruz kawai, bikinmu na ficewar sanyi. Ƙanƙara za ta narke, za mu kwashe garwashi mu jingine sandali a bango, Inna za ta koma zama a tsakar gida ƙarƙashin inabi, inda ba sama ba ƙasa. Ran nan ku aiko da duk gyaran da kuke da shi, na gwaji da na gaske, ku ƙara masa natsuwa har ya manta sunansa. Ni da kaina zan danna Yanzu.

A nan zan dakata, ba don maganar ta ƙare ba. Farangis ce ke kira daga ɗaki, damisar ta sake leƙowa, ita Farangis kuma hannunta da kofin maganin kakarta, ba mai danna Anjima.

Naka mai biyayya har ƙasa, mai yi wa kamfaninka addu'ar jinkiri a kan dukkan alheran da ya nufe ni da su,

Ibodullo Nazarzoda,
mai zabibi, layin 'yan busassun kaya,
kasuwar Istaravshan.